Goro Mai Ɓari Huɗu

Ran nan a wajen wani suna aka miƙo mini goro, na ɓare, sai ya rabu gida huɗu. Hannunruwa ne, wanda mutanenmu ba sa so saboda yauƙinsa. Matar da ke kusa da ni ta ce in yar, a ba ni wani. Ban yar ba, na ƙulle shi a bakin mayafina.

Ka san gidajen Daura na da, ba a rasa baƙo a ɗakin da ke kusa da soro. Namu baƙuwa ce, wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da goro, muna ce mata Iya. Ɗanta guda ne, direban babbar mota mai kai shanu kudu daga kasuwar Mai'aduwa. Wata damina ya tafi, bai dawo ba, kuma babu labari.

Kullum da safe Iya takan yayyafa ruwa a ƙofar ɗakinta, ta ɓare goro mai ɓari huɗu, ta yi magana da yarensu ƙasa-ƙasa, ta watsa a ƙasa. Ta ce mini da wata uwar ruwa take magana, mai zama a wani kogi a ƙasarsu. Idan ɓari biyu suka kife, biyu suka kalli sama, an amsa mata da e. Tambayarta ɗaya ce: yana raye?

Kakata kuwa ba ta da wasa a kan wannan. Mace ce mai carbi, ga ta da baki. Ko inuwar wurin ba ta takawa.

"Iya, ki ji tsoron Allah," takan ce. "Abin da zan tauna in tofar, shi zai gaya miki gaibu?"

Iya sai ta yi dariya ta tura mata farin goro. Haka suke, kullum faɗa, kullum tare suke tsinke zogale.

Bayan kaka wani dillalin shanu daga Sandamu ya zo wurin kakana. Ina shara a tsakar gida na ji kakana yana gaya wa kakata: motar ɗan Iya ta faɗo daga kan wata gada, mutanen ƙauyen wurin suka binne direban. Kakana ya ce ita mace ce, ta je ta faɗa wa Iya. Kakata ta yafa mayafi ta nufi ɗakin. Ta tarar da Iya tana tafi, goro ya faɗi yadda take so. Ta tsaya, ta tsaya, ta dawo ba ta faɗa mata ba. Ni ma ta ja mini kunne kada in faɗa.

Daga ranar faɗan ya ƙare. Har ma idan an kawo mata goron biki, takan tsince masu ɓari huɗun, ta kai wa Iya da hannunta. Dangin Iya sun zo su tafi da ita gida, ta ƙi. Ta ce ƙofar nan kaɗai yaron ya sani. Ina kallon kakata a lokacin, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, har yau ban raba su ba.

Shekaru suka tafi. Wata bazara ciwo ya kwantar da Iya, hannunta ba ya riƙe komai. Da ƙyar ta miƙa wa kakata goron.

"'Yar'uwa, watsa mini."

Kakata ta fashe da kuka. "Ba zan iya ba, Iya. Kuma akwai maganar da na daɗe..."

"Bar shi," in ji Iya. "Ke da kike zagina kullum, rana ɗaya kika kawo mini goro da kanki. Tun ranar na sani."

"To me ya sa ba ki tafi gida ba?"

"In je wurin wa? A nan ne ake tuna fuskarsa."

Ba ta ga damina ba. Yanzu ɗakin ya zama shagon cajin waya, mai motar da ya yi nisa kuwa kiransa ake yi a ji muryarsa. Mutanen da suka san fuskar yaron nan duk sun kwanta dama, saura ni. Jiya na kwance bakin mayafin, goron ya bushe ya yi baƙi. Na rufe ido in tuno shi, fuskar ba ta zo ba.