A cinyar surukina

Jama'a, yau da ƙasa ta tsage da na shige ciki.

Kun san tun da mai ya yi tsada, 'yan bas ɗin Bici zuwa Kano suka fito da sabon tsari: in ka yarda ka zauna a cinyar wani, rabin kuɗi za ka biya. Na tare bas a bakin titi, ta cika maƙil. Kwandasta ya ce, "Malam, saura cinya." Na ce ba komai. Na shiga da baya, na dire a kan wani dattijo, ko fuskarsa ban kalla ba. Har na kama surutu, wai mu magidanta yunwa ta gama da mu.

Sai na ji murya a bayan kunnena: "Sabi'u, ya iyali?"

Surukina! Baban Hadiza, wanda ko ido ba ma haɗawa.

Na zabura, kaina ya daki rufin mota. Ba wurin durƙusawa. A cinyarsa na gaishe shi.

Ya ce, "Zauna abinka, ƙafafuna sun riga sun sage. Yau na gane inda buhun geron da na aika wa 'yata ya shige."