Ƙaguwoyin Malam Sabi'u

Har gobe ban manta da ranar da baƙo ya zo daga jami'a duba aikin Malam Sabi'u ba. Zamanin tsuke bakin aljihun gwamnati ne, ina mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare ta ɓangaren Tofa. Aikina wanke kwalabe da shirya wa malamai kaya.

Malam Sabi'u, mai koyar da ilimin halittu, yana kiwon ƙaguwoyin dam ɗin Watari a robobi. Ya ce mini ƙaguwa tana saɓa kamar maciji, ta tuɓe ɓawonta, jikinta ya yi laushi. A littattafai, tamatar ƙaguwar teku takan saki wani sinadari cikin ruwa gab da saɓa. Namiji na jin sa sai ya tsare ta don barbara, maimakon ya cinye ta. Malam yana son ya gano ko ƙaguwarmu ta nan ma haka take. In baƙon ya gamsu, zai ɗauke shi ƙarin karatu.

Na gani da idona. In muka zuba wa namiji ruwan robar tamata, sai ya miƙe yana lalube.

Ana saura kwanaki baƙon ya zo, injin rijiyar makaranta ya mutu, ba kuɗin gyara. Firinsifal ya ce a riƙa ɗebo ruwa daga magudanar masu noman rani.

"Ranka ya daɗe, suna feshin tumatir a wajen," in ji Malam.

"Malam, yara ma shi suke wanka da shi. Ƙaguwa ta fi su ne?"

Da ruwan magudanar muka koma cika robobin.

Safiyar da baƙon ya iso, tamatar ta yi saɓa. Malam ya saka mata namiji, muka kewaye robar. Namijin bai lalubi komai ba. Ya danne ta, ya kama ci. Baƙon ya duba agogo, ya ce, "Allah Ya sa wani jiƙon," ya shiga mota.

Ko feshin ne ya toshe wa namijin hanci, ko dama tamu ba haka take ba, ba wanda ya sani. Malam bai sake gwadawa ba. Zangon na ƙarewa ya ajiye aiki, ya koma sayar da taki a Dawanau.

Ku da kuke sababbi a harkar gwaje-gwaje, ku sani aikin nan ba rashin masu kai ne yake kashe shi ba. Mun yi su. Ruwa mai tsabta muka kasa ba su.