I'inar da Ke Jirana a Gwaram

Da i'ina na tashi. A makarantar allon mahaifina a Fagam, cikin ƙasar Gwaram, idan ana biya karatu ko tuntuɓe ba na yi, amma a ce in je in gaya wa Inna ta kawo ruwa, sai in tsaya a bakin ƙofa ina buga ƙafa, kalmar ta ƙi fita. An ba ni rubutu na sha har na gaji.

A sakandare a Birnin Kudu ta fara sakina, ban san dalili ba. Son sanin dalilin ne ya kai ni karatun ilimin magana da ji a jami'a, kuma a can na zauna ina koyarwa. Na koya wa ɗalibai yadda ake gwada jin jariri, da yadda ake taimakon wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Nakan yi lacca da Turanci tun hantsi har azahar harshena bai sarƙe ba. Ɗalibaina ba su ma san ina da ita ba.

Amma da zarar mota ta bar Birnin Kudu ta kama hanyar Gwaram, sai in ji muƙamuƙina ya yi nauyi.

Shekarar da na zama farfesa, yayana, wanda ke riƙe da Islamiyyar gidanmu, ya shirya mini walima a Gwaram. Aka cika rumfa, har daga Sundimina an zo. Ya ɗauki abin magana ya ce, "Wannan ƙanen nawa shi ke koya wa mutane magana a jami'a." Ya miƙo mini.

Bismilla da salati suka fita sumul. Da na zo "jama'a", sai na tsaya cak. Na sassauta numfashi, na saki leɓe, na yi duk abin da nake koya wa wasu. Kalmar ta ƙi fita. Gumi ya jiƙa mini hula. Daga kan darduma na ji muryar Baba yana cewa, "Ku bar shi, za ta fito."

Ba ta fito ba. Can sai na ji kaina ina zuba Turanci, tiryan-tiryan, a gaban manoma da malamai. Suka saurara cikin ladabi, aka yi kabbara, aka raba shinkafa.

Da la'asar na shiga wurin Inna, tana ɓarar gyaɗa.

"Me ka ce musu?"

"Go-godiya na yi."

"To ni ban ji ba. Yi mini da Hausa."

Na zauna a gefen tabarma na yi mata, kalma na fita da ƙyar kamar ana cire ƙaya. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma ƙarasa mini ko ɗaya ba. Da na gama ta ce, "Madalla. Amma waɗanda ake kawo maka, suna warkewa?"

"Wasu na samun sauƙi."

"To kai fa?"

Littattafanmu suna maganar fargaba da sabo. Amma wace fargaba zan yi a gaban matar da ta goya ni? Na ce mata ina jin Hausar ce ke riƙe ni. A ranar na yarda da hakan.

Washegari a hanyar komawa na tsaya shan mai a Birnin Kudu, sai wani abokin aikina Bakano ya kira ni. Muka daɗe muna hira, yana tsokanata ina ramawa. Sai da na ajiye wayar na lura da Hausa muka yi ta, daga sallama har sallama, ban sarƙe ko sau ɗaya ba.

Na zauna riƙe da sitiyari ina kallon titi, har na bayana ya danna mini hon.