Gansakukar da Ta Yi Barci a Akwati

Shekara ashirin da huɗu ta yi tana kiwon gansakuka, amma har yau in aka tambayi mijinta tela aikin matarsa, cewa yake, "Ruwan kwata take raino a kwalba." Ita ko a jikinta. A ɗakin bincike Goggon Kwalabe ake ce mata, don da wankin kwalba ta fara, ba ta da takardar komai sai ta firamare. Daga wanki aka koya mata haɗa ruwan abincin gansakuka, daga nan aka danƙa mata makullin ɗakin fitilu, inda kwalabe sittin ke jere a kan katako, kowace cike da koren ruwa. Da ido kawai take gane wadda ta ƙoshi da wadda yunwa ta fara taɓawa.

Abin da masu ilimin ke nema a cikin koren nan wani sinadari ne da ke taimaka wa gansakuka ta kama iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ta mai da ita sukari. Sai a kai kwalba ɗakin awo a hawa na biyu, a tace, a niƙa, a auna ƙarfin sinadarin a na'ura. To, wata uku cur awon nan ya ƙi tsayawa. Yau sinadarin ya yi ƙarfi, gobe ya yi laƙwas kamar an zare masa laka.

Dakta, sabon zuwa, mai tsabtar tsiya, wanda ko hannun ƙofa ba ya taɓawa sai da hankici, shi ya yanke hukunci. Wai sauran sabulu ne a kwalabe, wai hannun Goggo ya tsufa. Hannun da ya fara wanki tun shi yana rarrafe!

Farfesa, shugaban ɗakin, ya kira ta yana kauda kai. "Goggo, ba don raina ya so ba. In awon Litinin bai daidaita ba, ki miƙa wa Dakta makulli, a mai da ke sito."

Sito, wajen tsintsiya da tsofaffin kwalaye. Ranta ya ɓaci iya ɓaci, ta tsaya a bakin famfo ta yi kukanta mai isarta. Da ta share ido, sai ta nufi allon da ake manna sakamakon awo. Lissafinsu ba ta iya ba, amma ranakunta ta san su kamar yunwar cikinta. Duk ranar da awon ya yi kyau, ita ta kai kwalba da kanta, a buɗaɗɗen faranti, ta barandar da rana ke shiga. Duk ranar da ya faɗi, Dakta ne ya zo ya ɗauka a baƙin akwatinsa mai murfi, don tsoron ƙura. Kuma ta sha gani, in wuta ta ɗauke, 'yan kumfan da ke hawa a cikin kwalabe sukan tsaya cak kafin ta gama lalubo tocila.

Ran Litinin ta riga kowa zuwa. Ta ce wa Farfesa, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Dakta ya wanke kwalba biyu da hannunsa."

Dakta ya wanke yana cika yana batsewa. Goggo ta ɗauko gansakuka daga kwalba ɗaya ta raba wa kwalaben biyu daidai wa daida. Ɗaya ya sa a akwatinsa ya rufe, ɗaya ta ɗora a farantinta, suka hau bene a jere, Farfesa na biye da su. Aka tace, aka niƙa, aka auna. Ta faranti ta ninka ta akwati sau huɗu.

"Dace ne," in ji Dakta.

"To a musanya kwalaben," in ji Goggo.

Aka musanya, aka zuba sabuwar gansakuka, aka sake hawa. Ta faranti dai ta sake ninkawa sau huɗu, har da ɗoriya.

Farfesa ya zauna daɓas a kan kujera, ya cire tabarau, ya yi dariya har da hawaye. Sun sani a littafi cewa haske ke tada sinadarin nan, duhu ya kwantar da shi, amma ba wanda ya zaci minti ukun hawan bene ya isa.

"Ni ban san sunansa ba," Goggo ta ce. "Abin da na sani, in ka rufe ta barci take yi. Wata uku kuna auna mai barci kuna zagin hannuna."

Dakta ya sunkuyar da kai. "Goggo, ki yafe ni."

"Na yafe, ɗana. Amma ka ji mini ciwo."

Kafin la'asar Farfesa ya ba da umarni a sauko da na'urar awon ɗakin fitilu, don kada a ƙara tafiya da gansakuka ko'ina. Ƙarti huɗu suka kinkimo ta suna nishi, suka tsaya a bakin ƙofa suna jiran a ce musu ga wuri. Kowa ya juyo yana kallon Goggo. Daɗi ya cika ta.

"Can, kusa da taga," ta ce. "Ranka ya daɗe, ɗan matsa, ka tare mini hanya."