Alewar da Muka Yi Ranar da Aka Tafi da Umma

Gidanmu a unguwar Ka'akiyya, can ƙasa mai tsarki, ɗaki biyu ne na kwano da katako, sai ɗan fili a tsakiya inda murhun gawayi yake. A bakin murhun nan kakarmu take zama in an sha ruwa. Sunanta Hajiya Kande, mu kuwa Sitti muke ce mata, kamar yadda 'ya'yan Larabawa suke kiran tasu. Da ƙafa ta taho daga ƙasar Sakkwato, ta biyo ta Cadi da Sudan, kuma a Sudan ɗin ta koyo wata farar alewa mai laushi wadda ba ta yin ta sai Sallah ta gabato.

Ina da shekara tara a azumin da nake ba da labari, ƙanwata Rabi tana da biyar. Saura kwana biyu Sallah, zafi bai riga ya kankama ba. Umma ta fita tun safe da tiren gyaɗarta zuwa kasuwar Zahir. Aka kira Magariba ba ta dawo ba. Wata maƙwabciyarmu ta shigo ta ja Sitti bayan ƙofa suka yi ƙus-ƙus. Babanmu ya ajiye dabinon da ke hannunsa, ya zura takalmi ya fita, ko kallonmu bai yi ba.

"Sitti, ina Umma?" na tambaya.

"Haihuwa ake a Zahir, an tsayar da ita ta kama musu. Yalla, ɗauko mini maburgi."

Ta ɗora ƙaron da ta jiƙa tare da sukari a wuta, ta fasa ƙwai ta ware farin a kwano, ta ba ni in burga. Na yi ta burgawa har kafaɗata ta ƙage, abu ya tashi fari fat kamar kumfar sabulu. Tana tsiyaya ruwan sukarin a hankali ina juyawa, har ya yi danƙo. Muka zuba a tiren da aka barbaɗa wa garin shinkafa, muka ajiye ya sha iska. Sai ta ciro wani abu daga ƙasan akwatin Umma: sandunan cakulan guda biyu da matar gidan da Umma take yi wa wanki ta ba ta. Umma ta ce ba mai taɓa su sai ranar Idi. Ganin Sitti tana ɓare takardar ya sa gabana ya faɗi, ban san dalili ba.

Ta kakkarya su a ƙaramin kwano, ta ɗora a kan tukunyar ruwan zafi, sannan ta gyara zama.

"Ku matso, ga wata tatsuniya nan ta zo."

"Ta zauna mu ji ta," muka amsa.

Wai wata mata ce da 'ya'yanta biyu a bakin gulbi. Ta ƙetare da safe ruwa iya gwiwa, ta je ɗebo itace. Kafin ta juyo, ruwa ya sauko daga tudu ya cika gulbin, har ba a jin kiran wanda ke ɗaya gaɓar. Babbar 'yar ta tuɓe zanenta za ta faɗa ruwa, wata tsohuwa mai tsintar kara ta riƙe mata hannu ta ce, "In kin shiga, wa zai ba ƙanwarki tuwo?" Yarinya ta koma ta dafa tuwo tana kuka. Da duhu ya fara, sai suka hango wuta ta kama a can ƙetare. Su ma suka hura tasu. Kullum haka: uwa ta hura, 'ya'ya su hura, kowa ya san ɗan'uwansa yana da rai.

Nan Sitti ta tsaya. Ta ɗauki wuƙa ta shiga yanka alewar gunduwa-gunduwa.

"Sai me ya faru?" in ji Rabi. "Ta dawo?"

"Ya binti, cakulan zai daskare. Ku tsoma."

Muka riƙa soka alewar da tsinke muna tsomawa, rabi fari rabi baƙi, muna jerawa a faranti. Rabi ta ɓata fuskarta har kunne tana dariya. Ni na kasa kai ko ɗaya baki. Sitti ba ta taɓa barin tatsuniya a buɗe ba, ko barci take ji sai ta rufe ta. Na ware guda shida na ce na Umma ne. Ta dube ni ta daɗe, ta ce in rufe su da kyau saboda tururuwa.

Ranar Sallah bayan an sauko Idi Baba ya zaunar da ni. Ya ce masu kame sun zagaye kasuwa, duk wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, an zuba shi a mota, har da Umma. An kai su Jidda. Ya kwana biyu a bakin ƙofar wurin da aka tsare su yana roƙo, ba a bari ya gan ta ba, shi ma da ƙyar ya tsira don tasa takardar ta kusa mutuwa. Jirgin ruwa ya riga ya tashi da su.

Wata guda ban yi wa Sitti magana ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta sani tun a bayan ƙofa, amma ta sa ni burga ƙwai.

Umma ta isa gida Sakkwato bayan wahala mai yawa. Duk shekara in alhazai suka zo, Baba yakan dawo daga dakon kaya a Mina da saƙonta: ƙullin daddawa, ko ɗankwali, ko wasiƙar ajami da wani ya rubuta mata. Mu ma mu aika da turare da dabino. Shekara bakwai muna haka, kullum tana cewa baɗi za ta biyo alhazai. A ta takwas, wanda ya saba kawo saƙon ya zo hannu rabbana, ya zauna ya ce Allah ya karɓi abinsa, a yi mata addu'a.

Sitti tana jinyar ajalinta na tambaye ta ƙarshen tatsuniyar nan. Ta ce, "Zulai, ba ta da ƙarshe. A wurin na ƙirƙire ta. Na rasa bakin da zan faɗa muku, ƙaryar kuma ta tsaya mini a wuya, shi ne na faɗa muku ta hanyar da na iya."

Har yau ban gama yanke hukunci a kanta ba. Wani lokaci in ce ta cuce ni, ta hana ni kukan da ya kamata in yi a ranarsa. Wani lokaci in tuna cewa 'yarta ce aka tafi da ita, kuma ta zauna ta yanka alewa don yara biyu su yi Sallah.

Yanzu ni ce Sitti. Jikokina Larabci ya fi zama a bakinsu, amma in muna tsoma alewa sukan ce in yi musu ta matar gulbi. In na zo wurin wutar nan biyu, ƙaramarsu takan riƙe mini hannu ta ce, "Ta dawo?" Ni kuwa sai in ce ruwa ya janye, ta ƙetaro da itacenta a ka, ta tarar da tuwo da zafinsa. Na san ba haka aka yi ba. Ban taɓa iya faɗa musu wani abu dabam ba.