Safar Kakana

Har yau ba na shan shayi mai kirfa. Ƙamshin kaɗai ya isa in ga kaina a gidanmu na Diobu, a Fatakwal, ruwan sama na dukan kwano, ina tsugune gaban bahon wanki da safar kakana a hannu.

Kakan nan nawa, mahaifin babanmu, albasa ya sayar a garin tun yana saurayi. Da tsufa ya zo, ciwon suga ya kama shi, ƙafafunsa suka riƙa yin sanyi ƙalau ko da rana tsaka. Likita ya ce jini ba ya isa ƙananan jijiyoyin yatsun, a riƙa duba ƙafar kullum. Ina! Tsohon nan ba ya buɗe ƙafa gaban 'ya'ya da surukai. Safa ya sa ya rufe, ko alwala a kanta yake shafa.

Da damina ta yi nisa, baffana, ƙanin babanmu, ya shigo da magani, wai daga hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Gari ne a ƙananan ƙunshi masu sheƙi, da rubutun Japan da babu mai iya karantawa a layinmu. Ya ce saiwoyi ne da ɓawon itace irin nasu na gargajiya, yana buɗe hanyar jini. Ana dama shi da ruwan zafi, gida ya gauraye da ƙamshin kirfa. Ba zan yi wa maganin ƙarya ba, bayan 'yan makonni tsohon ya ce ya fara jin ɗumi a tafin ƙafa. Shi ke nan, aka yi hamdala, aka daina zancen asibiti.

Ni ke wanke safar. Da fari warin gumi ne. Daga baya ta fara zuwa da danshi a wajen babban yatsa, wani ruwa rawaya-rawaya mai yauƙi, ta bushe ta yi tauri. Ko na kwana ina cuɗa sabulu, hannuna sai ya wuni yana ƙarni kamar kwatar mahauta. Tir! Ƙudaje suka koma bin tabarmarsa. Kowa ya ji warin nan, kada wani ya ce maka bai ji ba. Amma wa zai ce wa babba yana wari? Mamanmu ta ƙara turaren wuta, baffa ya ƙara ƙunshi biyu a kofi.

Ka san jika da kaka, ni kaɗai ke da bakin faɗa masa komai. Amaryarsa yake ce mini. Wata rana bayan la'asar, gaban kowa, na ce, “Tsoho, wallahi ƙafarka ta ruɓe.”

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya dara, ya ce, “Amarya, saki kike nema, ba za ki samu ba.”

Na sake faɗa har da hawaye, aka ce yarinyar nan ta iya wasa.

Maƙwabciyarmu ce, wata Inyamura ma'aikaciyar asibiti, ta shigo karɓar albasa, ta toshe hanci ta ce da Turancin broka, “Wetin die for this house?” Wato me ya mutu a gidan nan. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta tsugunna ta zare safar. Fatar yatsa ta biyo ta. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, na uku ya fara. Na fita da gudu na yi amai a bakin kwata.

A asibiti baffa ya nuna ƙunshin. Likita ya ce mai yiwuwa ya ɗan motsa jinin, amma ba a yi shi don ta da mataccen nama ba. Daga ƙasan gwiwa aka yanke. Tun daga ranar, safa ɗaya nake wankewa.

Ban ji haushin maganin ba. Manya nake ƙyama in na tuna, gida cike da hanci, aka bar maganar a bakin yarinya.

Yanzu kakan ya rasu, gidan ya zama shaguna, sugan kuma ya dawo kan babanmu. Duk Juma'a nakan je, in gaishe shi a durƙushe yadda aka koya mini, sannan in kama ƙafarsa in zare masa safa. Yakan kau da kai ya ce ba ni da kunya. In ce, “Haka ne, Baba. Miƙo ɗayar.”