Ranar da Babu-Tsayawa Ya Tsaya

A tasha ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Babu-Tsayawa ake ce masa, domin in ya tada bas da safe, ba ya tsayawa don kowa sai ya kai inda za shi. Duk mai sauri motarsa yake nema. Da wannan suna ya riƙe gidansa, da shi kuma ya jawo wa kansa ciwo, don shekara da shekaru in bayan gida ya matsa masa a hanya, sai ya matse ya ci gaba da tuƙi.

Abin ya fara da ɗan jini. Daga baya shiga bayi ta zame masa kamar yankan reza, raɗaɗin kuma ya bi shi har kujerar mota. Ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙe-jiƙe a banza. Sai ya rage cin abinci don gudun bayi. Matarsa takan ɗauke kwano yadda ta ajiye shi, ta tambaya ko hannunta ne ya lalace, ya ce a tasha ya ci.

Ranar da jiri ya ɗebe shi a kan gada, mota ta gogi ƙarfen gefe, fasinjoji suka ɗauki salati. Mai motar ya karɓe makulli, ya ce ko ya nemi magani ko ya nemi wata sana'a.

Likita ya ce ba basir ba ne, tsagewa ce a bakin dubura. Ya ba shi man shafawa da maganin tausasa bayan gida, ya tura shi sashen gashin ƙashi da motsa jiki a koya masa motsa naman wurin. In abin ya ƙi, sai tiyata. Babu-Tsayawa ya ɗauka ƙarfi ake so ya ƙara, don haka kafin ranar ta zo ya yi ta matse wurin iya ƙarfinsa, a zaune da a tsaye. Ciwon ya ninka.

Likitan gashin, saurayi sa'ar ƙaninsa, ya ja labule, ya nemi izini, ya duba shi a hankali.

"Yaya, ba ƙarfi ka rasa ba," in ji shi. "Naman nan a ɗaure yake, kamar birkin hannu da aka manta ba a sauke ba. Jini ba ya kaiwa ga raunin sosai, yaya zai warke?"

Makonni yana zuwa. Ya koyi jan numfashi har ciki ya taso, ya saki jiki, ya ɗora ƙafafu a kan 'yar kujera in ya shiga bayi, ba yunƙuri. Ya riƙa zama cikin ruwan ɗumi, ya koma cin abinci. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: in bayan gida ya zo masa a hanya, dole ya tsaya.

Mai motar ya mayar masa da makulli a kan gwaji. Rana ta take, bas cike, sai cikinsa ya juya. Nan take jikinsa ya ɗaure kamar yadda ya saba. Gumi ya jiƙa masa sitiyari. Ga gidan mai can gaba, ga wani ɗan kasuwa a bayansa yana ta duba agogo. Ya wuce ƙofar farko. A ta biyu ya karya kan mota.

"Direba, lafiya? Ba kai ne Babu-Tsayawa ba?" in ji wani fasinja.

Wani daga baya ya ce yau kam suna ya ƙare. Direban ya ja birkin hannu. Ya jawo 'yar kujerar da matarsa ta naɗe masa a tsumma, ya ɗauki buta, ya ratsa ta gaban idon kowa.

A bayi ya dafa bango. Ya ja numfashi, ya jira. Zafi ya zo, amma ba na reza ba. Ya duba, babu jini.

Da ya dawo, ɗan kasuwar ya riƙe waya, ya ce sai ya gaya wa mai motar.

"Gaya masa, Alhaji," in ji direban, yana sauke birkin hannu. "Gobe ma in ta kama, a nan zan tsaya."